Akumari na Bakwai

Usta Haliru mijin yayata Ummusalama ne, don haka tun ban kai ƙugunsa ba nake tsokanarsa, shi kuma yana haƙuri da ni yadda ake haƙuri da ƙuda a bakin kofin shayi. Usta ake ce wa gwanin sana'a a garinmu. Shekara arba'in da ɗoriya ya yi yana ɗinka akumarin jaki a bayan kasuwar Gadarif, can gabas wajen iyakar Habasha, a layin masu igiya, cikin wata rumfa da ba ta fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Wanda bai san Gadarif ba zai ɗauka ƙaramar sana'a ce. To garin nan a bayan jaki ruwa yake shiga yawancin gidajenmu, in jakin mai ruwa ya yi miki a gadon baya, ranar akwai unguwar da ba za a wanke tukunya ba. Akumarin Haliru kuwa ba ya yi wa jaki miki. Abin alfaharinsa ke nan a duniya, ba shi da wani.

Kayan aikinsa duk abin da mutane suka gama da shi ne. Buhun dawa da ya huje, rigar da ta mutu, bargon da ɓera ya ci, tsohon tamfol na lori. Wurin Jatau mai tsumma yake saye, ɗauri guda, ya kwance a rumfa ya zauna yana tsincewa ɗaya bayan ɗaya. A nan ne halinsa yake. Ba kowane tsumma yake yarda ya shiga bayan jaki ba. Ragowar likkafani ba ya taɓawa. Tsohuwar darduma da aka yi salla a kai, ko ta zama kamar rariya, sai ya naɗe ta ya ajiye gefe. Rigar mamaci yana karɓa in magada ne suka sayar, ya ce mai ita ya gama da ita, amma sai ya wanke ta ya yi masa addu'a. Abin da ya fi tsanantawa shi ne rubutu. Duk ƙyallen da ke da harafin Larabci, ko sunan kamfanin sabulu ne, sai ya ɗaga shi a rana ya karanta kafin ya yanke hukunci.

Nakan ce masa, “Yaya, jakin nan fa ba ya karatu.”

Shi kuma ya ce, “Ni ina yi, Gado. Tafi tasharku ka yi wa mutane ihu.”

Aikina ke nan kuwa, kamasho a tashar lori, kuma shi ya sa na fi kowa sanin wa ya shiga gari wa ya fita. Ni ne na fara lura idon Haliru ya soma tafiya. Wata rana na tsaya a gaban rumfarsa ban yi magana ba, ya ɗago ya ce, “Na karo kake so ko na kaya?” Karo shi ne amalanken jaki, wato ya ɗauka mai saye ne. Da na yi dariya sai ya wayance, wai rana ce ta kashe masa ido. Daga nan na riƙa kallonsa. Zare da lalube yake sa wa basilla. Ɗinkin kuwa bai canja ba, hannunsa ya haddace aikin, ko an ɗaure masa fuska zai yi. Na ga farin nan yana yaɗuwa a ƙwayar idonsa, na yi shiru. Na san abin da yake tsoro: ranar da 'ya'yansa suka gane, za su rufe rumfar su zaunar da shi a gida a kan gado. Ina jin kunyar shirun nan har yau.

Shekarun nan ne ake ta taron rakiyar samari zuwa yaƙin Kudu. Kowane taro da dogayen ƙyallayensa, koraye, an yi rubutu da farin fenti, an ɗaure a jikin sanduna. A yi kabbara, a yi jawabi, a watse. Ba wanda ya taɓa tambayar ina ƙyallayen suke zuwa bayan nan. Ni dai yanzu na san inda wani daga ciki ya je. Ya bi hannu zuwa hannu, an yayyaga shi, ya sha ƙasa, har ya faɗo cikin ɗaurin Jatau a ninke, rubutun yana ciki.

Haliru ya shafa ya ji yadi mai kauri wanda bai ga irinsa ba da daɗewa. Ya ji tauri-tauri a jikinsa, ya ɗauka shimfiɗar masu fentin gini ce. Sai ya yi murna, ya ninka shi ya sa a can ƙasa, ɓangaren da ke kwanciya a bayan jaki, ya rufe da buhu ya ɗinke. Akumari bakwai ya fitar daga yadin nan, duka kuma suka tafi cikin mako guda, don lokacin yankan riɗi ne, kowa yana neman jakinsa ya yi aiki.

Guntun da ya rage ya kawo gida ya ba Ummusalama, wai ta riƙa sauke tukunya da shi. Ranar Juma'a ce bayan an sauko masallaci, ina gidan ina cin kisra, wainar dawa mai falle-falle, da miyar kuɓewa. 'Yarsu Najwa, malamar makaranta ce, ta ɗauki guntun ta kakkaɓe ta buɗe. Na ji ta yi salati da wata irin murya.

“Baba, ina ka samo wannan?”

“Wurin Jatau. Shinu? Mene ne a jiki?”

“Aya ce, Baba. Rabin aya ne. Ga sunan Allah nan ɓaro-ɓaro.”

Lomar da ke hannuna ban san inda ta faɗi ba. Haliru ya karɓi ƙyallen ya kai shi dab da hancinsa, ya daɗe yana kallo. Najwa ta tambaye shi ina sauran. Da ƙyar ya ce, “A bayan jakuna.”

Ummusalama ta ɗora hannu a ka. Najwa ta ce, “Kai da kake duba har buhun sabulu, ba ka duba wannan ba?”

Ya ce, “Gaggawa na yi.”

Ya juyo wajen da nake zaune, ni kuma na sunkuyar da kai. Mu biyu muka san ba gaggawa ba ce.

Tsoro biyu ne ya shiga gidan ranar, kuma ba zan yi ƙarya ba, nawa na mutane ne. Zamani ne da magana kaɗan ke kai mutum gaban alƙali, maƙwabci yana iya kai maƙwabcinsa kan abin da bai kai wannan ba. In kuwa kasuwa ta ji an ce Bahaushe ya sa aya a ƙarƙashin jaki, ba na jin za a jira alƙalin ma. Ba wanda zai tsaya tambayar wa ya rubuta sunan Allah a yadi, ya gama ihunsa, ya yar. Raina ya ɓaci ƙwarai a kan waɗannan, har yau ma yana ɓaci. Na miƙe na ce bari in je in shaƙe Jatau.

Haliru ya ce, “Zauna. In ka yi wa Jatau magana, kafin la'asar layin masu igiya duk sun ji. Kuma Jatau sayarwa ya yi. Ni na ɗinka.”

Nasa tsoron ba irin nawa ba ne. Shi abin da yake gani, duk takun da jakunan nan suka yi, gumi yana jiƙa sunan Ubangijinsa, kuma a littafin ayyukansa ake rubuta zunubin.

Ba mu da lokaci mai yawa. Akumari in ya yi wata guda yakan kwanta, sai mai shi ya kai wa kowane baduku a farke a ƙara masa ciko. Duk wanda ya farke zai ga koren yadi, kuma ɗinkin Haliru ba ya ɓuya, kowa ya san shi. Dole mu karɓo bakwai ɗin nan kafin wata wuƙa ta riga mu.

Ni na ƙirƙiro ƙaryar da muka yi aiki da ita, don Haliru bai iya ba. Nakan je wurin mai jaki in ce, “Ya zol, ma'alesh, bawan Allah yi haƙuri, basillar Usta ta karye a cikin ɗaya daga akumaran makon jiya, ba mu san wanne ba. Ga sabo, kawo tsohon kafin ta soke maka jaki.” Ba mai ruwan da zai ji haka ya yi gardama. Biyar a cikin gari suke, na karɓo su a kwana uku. Na shida a tasharmu na tsinta, an riga an ɗora shi a lorin Hawata, na hau na sauko da shi direba yana zagina. Haliru yana ɗinka sababbi da buhu zalla, Najwa tana duba masa kowane guntu. Kowane tsoho in ya dawo, a tsakar gida muke farkewa, ya yi alwala ya ƙone yadin a cikin sabon kasko, ya binne tokar a gindin dalbejiya inda ba a takawa.

Na bakwai ne ya gagara. Baƙo ne ya saya. Na ce wa Haliru ya kwatanta mini shi, fari ne ko baƙi, dogo ko gajere. Ya ce mutumin Bahaushe ne mai shaƙaƙƙiyar murya, ya gaya masa daga Doka yake, jakinsa yana da miki. Iyakar abin da ya sani ke nan, murya.

Kwana goma sha ɗaya ina tambayar direbobin Doka. A kwanakin nan Haliru ya zube. Abinci sai Ummusalama ta tsaya a kansa. In aka yi hayaniya a kasuwa, ko awaki ne suka shiga rumfar mai tumatir, sai ya miƙe tsaye ya riƙe sandar rumfa yana saurare. Wata rana wasu mutum biyu da fararen rawuna suka tsaya a gabansa suna tambayar hanyar masu tabarma, bayan sun wuce na same shi ya jiƙe sharkaf da gumi. Ni ma ban tsira ba, duk lorin da ya shigo daga Doka sai in tsaya ina duba fuskokin fasinja ko akwai wanda ya zo da labari. Tsokana ma ta fita raina, abin da ban taɓa zato ba.

Rana ta goma sha biyu wani direba ya ce ya san mai shaƙaƙƙiyar muryar. Sunansa Cindo, yana ɗebo ruwa daga hafir, tafkin da aka haƙa a bayan gari, yana kai wa masu yankan riɗi a gonaki. Na ce wa Haliru ya zauna in je ni kaɗai. Ya ƙi. Da sassafe muka hau bayan lori, sabon akumari a cinyarsa, ya rungume shi kamar jariri. Hanyar Doka bayan damina duk ramuka ce, baƙar ƙasa ta bushe ta tsattsage, amma har muka isa leɓensa kawai ke motsi.

Da hantsi muka sami Cindo a bakin hafir yana cika jarkoki. Mutum ne siriri, ya manyanta, da jaki fari mai tsabta. Tun daga nesa na gane ɗinkin. Muka gaisa, na karanto masa karatuna na basilla.

Ya saurara har na gama, sannan ya ce, “Basilla? Sati uku ina aiki da shi. Ni kaina a kai nake zama in na sauke ruwa. Da akwai basilla da ni ta fara soka.”

Na ce ai tana iya fitowa kowane lokaci.

Ya ce, “Ya hajj, jakin nan wata biyu yana fama da miki. Ba abin da ban sa masa ba. Tun da na ɗora wannan ya warke tas. Ba na canjawa. Halas, magana ta ƙare.”

Na nuna masa sabon, na ce ya fi wancan. Sai ya ƙanƙance ido yana kallonmu. Ya ce mutum biyu ba sa hawo lori tun daga Gadarif saboda guntun basilla, akwai dai abin da ke ciki. Ko kuɗi ne aka manta? Ko laya? Ya ɗaga murya, masu ɗiban ruwa suka fara juyowa. Wani saurayi ya ce ai abin mai sauƙi ne, a farke a gani, har ya kai hannu ga wuƙar da ke damtsensa. Mutum ya kai goma sha biyar a wurin, rabinsu ban san su waye ba.

Haliru ne ya miƙa hannu yana lalube har ya kama hannun rigar Cindo. Ya ce, “Ɗan'uwa, don Allah mu koma gefe. Ƙanina ƙarya ya yi maka, saboda ni ya yi. Zan faɗa maka gaskiya, in ka ji ka yi yadda ka ga dama da ni.”

Suka matsa bayan wata ƙaya, ni ina biye. Haliru ya faɗa masa komai a taƙaice, murya ƙasa-ƙasa. Ina kallon fuskar Cindo, ina jiran ya ƙwala ihu. Sai na ga bakinsa ya buɗe, ya juya ya kalli jakin, ya kalli gindin wandonsa. Ya ce, “Innalillahi. Ni fa a kai nake zama.”

Ya koma ya gaya wa mutane maganar gida ce, ya ja jakinsa, muka bi shi har bukkarsa a bayan gari. Ya kori matarsa zuwa maƙwabta, ya ja ƙyauren zana. Shi da kansa ya sauke akumarin da hannu biyu, ya ɗora a kan tabarmar sallarsa.

Haliru ya yi alwala ya fito da wuƙarsa ya bi ɗinkin yana farkewa. Ya zare buhun, ya zaro yadin. Gumin jaki ya rine shi, koren ya koma baƙi-baƙi, gashi ya manne a jiki. Ya buɗe shi a rana ya kai dab da fuskarsa. Ya karkata shi dama, ya karkata shi hagu, ya goge idonsa da gefen rawani ya sake dubawa. Cindo yana tsaye yana jira ya ji.

Can Haliru ya ce, “Gado, duba mini. Akwai ko babu? Ba na gani.”

Karo na farko ke nan da kalmar ta fito daga bakinsa. Na karɓa na duba. Fentin ya farfashe, amma haruffan suna nan. Na ce, “Akwai, Yaya.”

Hawaye ya zubo masa, bai share ba. Cindo ya kawo kasko da garwashi, muka ƙone yadin, muka binne tokar a bayan bukka. Haliru ya ɗaura wa jakin sabon akumari da hannunsa, ya shafa gadon bayan yana neman inda mikin yake da. Ni kuwa a raina sai hamdala nake, bakwai sun cika, ba wanda ya ji, mun tsira. Har na fara tunanin irin tsokanar da zan yi masa a hanya.

Cindo ya dama mana shayi. Bai nuna fushi ba ko kaɗan, ya ce kuskure ne, Allah ya ga zuciya, kuma maganar ta mutu a bukkar nan. Yana zuba wa Haliru sai ya tambaye shi, cikin tausayi kawai, “Usta, idon nan tun yaushe ya fara?”

Haliru ya ce, “Damina biyu ke nan ban iya karanta rubutu ba.”

Cindo ya girgiza kai ya ce Allah ya ba da lafiya. Ya kurɓi shayinsa, sannan kamar mai tunani a fili ya ce, “To a damina biyun nan, akumari nawa ka ɗinka?”

Ni na san rumfar nan, babu ranar da ba a fitar da ɗaya ko biyu ba. Sun tafi Simsim, sun tafi Hawata, wasu sun bi makiyaya har bakin iyakar Habasha, kuma duk da lalube aka tsince tsummansu. Haliru ya ajiye kofin a ƙasa bai sha ba.

A hanyar komawa na yi ta magana. Na ce mai yiwuwa ba komai a cikinsu, irin yadin nan ba kullum yake faɗowa ba. Na ce ko malamai ma sun ce ba a kama mutum da abin da bai sani ba. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, “Ban san abin da ke jikin tsumman ba, Gado. Amma na san ba na gani.”

Washegari bai je kasuwa ba. Ya tara 'ya'yansa ya gaya musu da bakinsa cewa ba ya gani, ya ba ni makullin rumfa ya ce in mayar wa mai ita. Daga baya an kai shi asibiti an cire masa yanar ido ɗaya, ya dawo yana ganin har zaren da ke jikin rigata. Na ce to Yaya, sai a koma aiki. Ya ce a'a. Shekara tara ya ƙara a duniya, yana zaune a ƙofar gida, kuma duk mai jakin da ya wuce sai ya tsayar da shi ya duba ɗinkin. In nasa ne, sai ya roƙi mutumin ya bari ya farke ya gani.